SHARHI: Injiniyan tsaftar muhalli a gidan soja: Ƙofar da matasan Ƙofar Ruwa ke nema, da wadda ke buɗe

A mahaɗar Ƙofar Ruwa da ke kan Titin Katsina a Kano, maƙwabta biyu ne ke zaune kusa da juna ba tare da sun cika shiga harkar juna ba. Ga kasuwar kayan gini da kayan gyaran mota, inda ƙarar sauke rodi da tartsatsin walda ba sa yankewa daga hantsi har almuru, baƙin mai kuma yana bin kwata. Ga kuma Barikin Bukavu, hedikwatar Birged ta 3 ta Rundunar Sojojin Ƙasa, wanda ya samo sunansa daga wani birni a Kongo, ƙasar da sojojin Najeriya suka yi aikin kiyaye zaman lafiya a farkon shekarun 1960.

A cikin rumfunan kasuwar ba abin mamaki ba ne a tarar da saurayi yana auna ƙusa ko yana rubuta rasiti, alhali a gida yana da digirin injiniya daga Jami'ar Bayero, ko na albarkatun ruwa da muhalli daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko babbar difloma daga Makarantar Koyon Tsafta ta Kano. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci kan tsaro a ranar 26 ga Nuwamba, 2025, tare da umarnin a ƙara ɗaukar 'yan sanda da sojoji, tambayar irin wannan saurayi ta ƙara ƙarfi: shin akwai gurbi a gidan soja ga wanda ya karanci ruwan sha da masai da shara, kuma ta wace hanya ake shiga?

Amsar ta wuce batun neman aiki. Tana nuna yadda ƙasar ke kallon tsaro, da abin da ta bari a baya.

Tsarin da ake gani a intanet

Mai bincike a intanet zai yi saurin cin karo da tsarin Amurka. A can, baya ga sojojin dindindin, akwai rundunonin ko-ta-kwana: fararen hula masu sana'o'insu, waɗanda ke zuwa atisaye lokaci-lokaci, a kira su idan buƙata ta taso. Daga cikinsu akwai rukunin da ake kira AGR, masu aiki kullum da cikakken albashi duk da suna ƙarƙashin rundunar ko-ta-kwana. Ana tallata gurabensu ɗaya bayan ɗaya, a faɗi sansanin da muƙamin. Rundunar sojin saman ƙasar tana da fanni guda na injiniyoyin lafiyar muhalli, waɗanda ke gwada ruwan sha na sansani, su auna ƙarar injinan jirage, su binciki sinadaran da makanikai ke shaƙa.

Wannan ƙofa ba ta ɗan Kano ba ce. Shiga sojan Amurka sai ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin, muƙamin hafsa kuwa sai ɗan ƙasa. Duk wanda ya ce zai samar wa mutum irin wannan aiki daga Najeriya a kan kuɗi, ɗan damfara ne.

A gida kuma babu kwatankwacin tsarin. Dokar Rundunonin Soja ta tanadi rundunar ko-ta-kwana, amma ginshiƙinta shi ne waɗanda suka kammala wa'adin aikinsu aka mayar da sunayensu can. Ba runduna ba ce mai ofishin da injiniya ko jami'in lafiya zai je ya cike fom, ya riƙa zuwa atisaye yana ci gaba da aikinsa na farar hula. Tana cikin doka, amma ba a ganin ta a ƙasa.

Ƙofar da ke buɗe

Hanyar da ta rage wa mai digiri ita ce ɗaukar ƙwararru kai tsaye a matsayin hafsoshi, wadda aka fi sani da DSSC. Rundunonin ƙasa da ruwa da sama kowacce tana buɗe nata lokaci-lokaci. A rundunar ƙasa, wanda aka ɗauka yakan yi horo na wasu watanni, ya fito da muƙamin laftanar. Aikin na wa'adi ne, sai daga baya a duba yiwuwar mayar da shi na dindindin.

Sharuɗɗan da aka saba gani sun haɗa da digiri ko babbar difloma mai daraja, takardar kammala bautar ƙasa, shaidar asalin jiha da ƙaramar hukuma, ƙa'idar shekaru da tsayi, da gwajin lafiya. Sai kuma rajista da hukumar da ke kula da sana'ar mutum: COREN ga injiniya, ko Majalisar Lafiyar Muhalli ta Najeriya ga jami'in tsafta. Ita wannan majalisa an kafa ta ne da dokar 2002, aka yi wa dokar gyara a 2022. Nan ne da yawa ke tuntuɓe, domin sukan kammala karatu su ajiye batun lasisi, sai an buɗe shafin neman aiki su fara rige-rige.

Sashen lafiya da na injiniyoyi su ne wuraren da mai wannan ilimi zai duba, kuma fannonin da ake nema suna sauyawa daga sanarwa zuwa sanarwa. Wanda takardarsa ba ta kai matakin hafsa ba yana iya shiga a matsayin kurtu mai sana'a, amma wannan wata rayuwa ce daban, a albashi da iko da makoma.

Akwai kuma batun rabo. Sashe na 217 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce dole tsarin hafsoshi da sauran sojoji ya nuna wakilcin sassan ƙasa. A aikace ana raba gurabe ne tsakanin jihohi, don haka ɗan jiha mai yawan jama'a kamar Kano yana gogayya da dubban 'yan jiharsa a kan kaso kaɗan. Daga wannan matsi ne kasuwar masu sayar da gurbi ke samun ciniki, duk da rundunonin suna nanata cewa neman aikin kyauta ne.

Abu na ƙarshe da ya kamata mai nema ya sani: wanda ya sa kaki soja ne kafin ya zama injiniya. Ana iya tura shi Monguno ko Birnin Gwari, kuma ba ya ajiye aiki ranar da ya ga dama.

Me ya haɗa soja da kwata?

Tarihi ya amsa wannan tun da daɗewa. A Yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856, mafi yawan sojojin Birtaniya da suka mutu cuta ce ta kashe su, ba harsashi ba. Mace-macen asibitin soja na Scutari sun ragu ƙwarai bayan da aka gyara magudanan ƙazanta da hanyoyin shigar iska a 1855.

Darasin da ya fi kusa da zamanin nan shi ne na Haiti. A watan Oktoban 2010, ƙazanta daga sansanin dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya da suka zo daga Nepal ta shiga rafin da ke zuba a Kogin Artibonite. Kwalara ta kama fiye da mutum 800,000, ta kashe kusan 10,000. Sai a Disamban 2016 Sakatare Janar Ban Ki-moon ya nemi afuwar mutanen ƙasar. Sojojin da aka aika don su tsare rayuka, masai ɗinsu ne ya zama silar annoba.

Ita ma Amurka ta ɗanɗana. Ramukan ƙona shara a sansanoninta na Iraƙi da Afghanistan sun bar tsofaffin sojoji da cututtukan huhu da daji, har ta kai ga kafa dokar kula da su a watan Agustan 2022.

Najeriya ba ta buƙatar aron misali. Sojoji na jibge a sansanoni da dama a Arewa maso Gabas da Arewa maso Yamma, sau da yawa dab da sansanonin 'yan gudun hijira, suna shan ruwan rijiyar burtsatse guda da su. Da madatsar ruwan Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024 ta mamaye Maiduguri, sojoji na cikin waɗanda suka yi aikin ceto. Makonni kaɗan bayan haka Gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara. Kwale-kwale da manyan motoci sun fitar da mutane daga ruwa, amma abin da ya biyo baya aikin mai gwada ruwa ne da mai haƙa masai.

Katanga ba ta tare ƙwayar cuta

A Ƙofar Ruwa ana ganin wannan gaskiya da ido. Bariki da unguwannin da ke kewaye da shi ruwan ƙarƙashin ƙasa guda suke zuƙa, iska guda suke shaƙa, kuma ruwan damina ba ya tambayar izini a bakin geti. Iyalan sojoji kasuwa ɗaya suke ci da sauran jama'a. Idan masai ya yi kusa da rijiyar da 'yan ga-ruwa ke ɗiba, babu ruwan cutar da ko mai shan ruwan soja ne ko ɗan kasuwa.

Kano ta san farashin wannan. A 2021 Hukumar Daƙile Yaɗuwar Cututtuka ta Ƙasa ta ƙirga fiye da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,500 suka rasu, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Ruwan masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai ya daɗe yana gurɓata koguna. A Zamfara, gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe aƙalla yara 400 a 2010. Duk waɗannan matsaloli ne da ake ganowa da na'urar gwaji tun kafin su kai asibiti.

Abin takaicin shi ne Kano ta riga kowa a Arewa fahimtar haka. An kafa Makarantar Koyon Tsafta tun 1932, kuma daga nan duba-gari suka fito, waɗanda dattawan birni har yau ke ba da labarin yadda suke leƙa randa da bayan gida. Yau ana yaye ɗalibai duk shekara, amma ƙananan hukumomin da tsarin mulki ya ɗora wa alhakin shara da magudanan ƙazanta ba sa ɗaukar su yadda ya kamata.

Haɗarin da ke cikin shawarar

Daga nan hujjar kafa rundunar ko-ta-kwana ta ƙwararru take fitowa. Injiniyan ruwa da ke aiki da gwamnatin jiha, ko jami'ar tsafta a ƙaramar hukuma, zai iya samun horon soja na ɗan lokaci, ya koma bakin aikinsa, a kira shi ranar ambaliya ko annoba ko buɗe sabon sansani. Kaɗan daga cikinsu su zama na kullum a manyan barikoki. Gwamnati za ta biya ƙasa da abin da take kashewa a kan hafsan dindindin, ƙwararren kuma bai rabu da garinsu ba.

Sai dai shawarar tana da ƙaya, kuma Kano ce shaida. A nan ne gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari da Tunde Idiagbon ta ƙaddamar da zangon tsaftar muhalli na shirin yaƙi da rashin ɗa'a a 1985. An share tituna da bulala da tsallen kwaɗo. Abin da ya rage daga wancan zamani shi ne sharar Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda ake hana zirga-zirga dominta na 'yan sa'o'i, a kwashe laka daga kwata a tara a bakin titi, ruwan sama ya mayar da ita. Tsoro ya share gari na kwana ɗaya, bai gina magudanar ruwa ko ɗaya ba.

Don haka iyakar dole ta fito fili. Injiniyan soja ya kula da ruwan bariki da sharar sansani da lafiyar makanikan rundunar, ya taimaka wa hukumomin farar hula idan sun nema a lokacin bala'i. Duba gidaje da kasuwanni da cin tara aikin duba-gari ne da kotu. Sojojin da tuni aka watsa su aikin cikin gida a mafi yawan jihohin ƙasar ba sa buƙatar ƙarin dalilin shiga unguwa da bindiga.

Ƙaya ta biyu ita ce siyasa. Rundunar da ake biya alawus ba tare da ana ganin ta kullum ba, wuri ne mai daɗi ga ma'aikatan bogi da rabon gurabe ga 'yan gaban goshi. Idan ba a wallafa sunaye da ƙa'idojin zaɓe ba, za a ƙara wa kasafin tsaro wani rami ne kawai.

Tambayoyin da suka dace da 2027

Yayin da 'yan takara suka fara zagaye, matasan Dala da Fagge da Gwale suna da abin tambaya wanda ya fi alƙawarin "samar da ayyukan yi" ma'ana. Ga masu neman Majalisar Tarayya: me ya sa tanadin rundunar ko-ta-kwana yake kwance a doka, kuma wa zai gabatar da ƙudirin buɗe ta ga ƙwararrun fararen hula? Ga Ma'aikatar Tsaro: gurabe nawa aka ware wa lafiyar muhalli a kowace ɗauka, kuma wa ke gwada ruwan da sojoji ke sha a bakin daga? Ga gwamnatin jiha da shugabannin ƙananan hukumomi 44: jami'an tsafta nawa ne masu lasisi ke kan albashi, kuma yaushe aka ɗauki na ƙarshe?

Tambaya ta ukun ta fi sauran nauyi. Ko da an buɗe rundunar ko-ta-kwana gobe, 'yan kaɗan za ta ɗauka. Mafi yawan aikin yana wajen katangar bariki, a bakin kwata da rijiya da juji.

Shi kuwa saurayin da ke auna ƙusa a Ƙofar Ruwa, abin da ke hannunsa a yanzu bai wuce uku ba: ya yi rajistar sana'arsa kafin a buɗe shafi, ya karanta sanarwar daga shafin rundunar da kanta, kuma kada ya ba kowa ko sisi.