Raddi Ga Mai Cewa A Rufe Ƙofar Beli

Malam, labarin maganarka a kasuwar Dandume ya iske ni: wai kotu ce ke dawo mana da masu garkuwa da mutane, don haka a soke beli ga duk wanda aka kama da laifin jini. Ban raina zafin zuciyarka ba. Wanda ya ga ranar da aka kwashe ɗaliban Islamiyyar Mahuta a Disambar 2020 ba ya buƙatar a koya masa fushi. Hujjojinka ne ban gamsu da su ba.

Ka ce alƙali na ba ɗan bindiga beli kamar ɓarawon akuya. Ba haka doka ta ce ba. Tun 2019 gwamnan jiha na lokacin, Aminu Bello Masari, ya sa hannu a gyaran da ya sanya hukuncin kisa kan garkuwa da mutane da satar shanu. Laifin da hukuncinsa kisa ne, majistare ba shi da hurumin ba da belinsa, sai alƙalin Babbar Kotu. Sashe na 161 na dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ma ya ƙuntata hanyar: sai da uzuri na musamman, kamar ciwon da likitan asibitin gwamnati ya tabbatar, ko jinkirin shari'a da ya haura shekara. Kotun Ƙoli kuwa ta hana Dokubo-Asari beli a 2007, tana mai fifita tsaron ƙasa.

Ka ce da idonka ka ga waɗanda aka kama sun dawo gari. Na yarda. To amma ta wace ƙofa suka fito? Wani bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Wani an kai shi, takardar bincike ta maƙale. Wani kuma shaidu ne suka ƙi zuwa kotu a Funtuwa, kuma ban ga laifinsu ba: mutumin da gonarsa ke bakin daji, wa zai kwana a ƙofar gidansa bayan ya nuna ɓarawo da yatsa? Alƙali ba ya hukunci da abin da gari ya sani, sai da abin da aka shimfiɗa masa. An bar jaki, ana dukan taiki.

Sai maganar da ta fi ba ni mamaki daga bakin malami, cewa Musulunci bai san wannan sassauci ba. Gaskiya ne an ruwaito Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsare mutum bisa tuhuma. Amma Ibn Farhun, a Tabsiratul Hukkam, ya raba waɗanda ake tuhuma gida uku: sananne da kirki, sananne da ɓarna, da wanda ba a san halinsa ba. Kai kuwa ka zuba su a buhu ɗaya.

Nan ne haɗarin yake. A yau kalmar "infoma" ta zama makami. Rikicin iyakar gona ko tsohon bashin taki ya isa a laƙa wa mutum ita. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar, kuma tsarin da kake nema zai ajiye shi a gidan yari damina biyu ko uku, masararsa na lalacewa a gona, kafin wani ya buɗe fayil ɗinsa.