Yaron Da Ke Haɗa Akwatin Eko Na Jita Sana'a Yake Koyo



A cikin yaranmu masu koyon gyaran rediyo da amfilifaya a nan Legas akwai waɗanda ke sayen ƙananan kayan lantarki a Alaba suna haɗa akwatin eko na jita da hannunsu. Wasu iyaye da iyayen gida na ganin shiririta ce da ɓarnar kuɗi. Ni ra'ayina, a ƙyale su, a ma ƙara musu da kuɗin dalma. Ga dalilaina.

Akwatin eko shi ne ɗan ƙaramin akwatin nan da mai kaɗa jita ke takawa da ƙafa. Aikinsa ya riƙe sauti na ɗan lokaci, sannan ya sake shi, sai ka ji kiɗa ɗaya yana maimaita kansa yana dusashewa, kamar ka yi kira a bakin rijiya. Yawanci abin murɗawa uku ne a jikinsa: na tsawon jinkiri, na yawan maimaici, da na ƙarfin maimaicin.

Da can da tef ake wannan aiki. Kai ɗaya na ɗaukar sauti, wani kan a gabansa na karantawa, tazarar da ke tsakaninsu da gudun tef su ne jinkirin. Haka Space Echo na kamfanin Roland, wanda ya fito a 1974, yake aiki. A 1969 injiniyoyin Philips suka ƙirƙiro ayisin da ke miƙa sauti daga kafasito zuwa kafasito, kamar mutanen da suka yi layi suna miƙa wa juna bokitin ruwa wajen kashe gobara. Kafin bokiti ya kai ƙarshen layi an ɗauki lokaci, ruwa ma ya ɗan zube, shi ya sa maimaicin ke fitowa da ɗan dishi. A 1983 kamfanin Boss ya fito da DD-2, wanda ke adana sautin a matsayin lambobi.

Yau masu haɗawa a gida galibi da ayisi ɗaya suke farawa, mai suna PT2399, na kamfanin Princeton Technology da ke Taiwan. Ƙafafunsa 16, yana aiki da bolt 5, kuma jinkirin da yake bayarwa da tsabta bai wuce kusan sulusin sakan ba. Abin da nake so iyaye su lura da shi: ba don jita aka ƙera shi ba. An yi shi ne don na'urorin rera waƙa da makirfo, kuma shi ne ke zaune a cikin da yawa daga ƙananan amfilifaya da mikisa masu araha da ke da maɓallin eko. Wato irin waɗanda ake haya a wajen biki, da taron makaranta, da wa'azi, da tallan magani a tasha. Yaron da ya haɗa akwatin nan tun daga farko, ranar da aka kawo masa amfilifaya eko ya mutu, ya san ƙafar da zai ɗora mita.

A nan matsalarmu take. Gyara a wurin da yawa daga cikinmu ya koma cire fanel a sa sabo. In babu fanel a kasuwa, sai a ce wa mai kaya na'urarsa ta mutu. Mai irin wannan aiki kullum yana hannun ɗan kasuwa, ribarsa ita ce abin da mai shago ya rage masa. Amma wanda ya haɗa abu da kansa dole ya karanta zane, ya gane darajar rezisto, ya iya liƙin dalma mai tsabta, ya bi sauti daga inda ya shiga har inda ya ɓace. Dole ya san cewa batir mai bolt 9 zai ƙone PT2399 in ba a sa 78L05 a tsakani ya sauko da wutar ba. Dole ya san cewa yawancin akwatunan jita tsakiyar filoginsu ne ke ɗauke da ragi, saɓanin adaftoci da yawa na gida, kuma juya su na iya jawo asara.

Sauya fasalin akwatin bayan an gama shi ya fi haɗawar ma koyarwa. Tsawon jinkiri ya dogara ne da rezisto ɗin da ke ƙafa ta 6. Yaro zai ƙara shi don jinkirin ya kai rabin sakan ko fiye, sai ya ji hayaniya ta shigo, domin ma'ajiyar ayisin ƙarama ce, in aka ja ta sai ingancin sauti ya faɗi. Zai ƙara girman kafasito don tace hayaniyar, sai ya ji sautin ya rasa kaifi. Zai rage rezisto ɗin sosai, sai ayisin ya ƙame lokacin kunnawa. Zai buɗe maimaici har ƙarshe, sai akwatin ya kama kuka shi kaɗai. Daga nan zai gane cewa duk abin da ka samu a lantarki akwai abin da ka bayar a madadinsa. Wani zai haɗa ayisi biyu a jere don ya sami dogon jinkiri ba hayaniya. Wannan tunanin injiniya ne, ko da babu takarda.

Akwai misali a fili. King Tubby na ƙasar Jamaika, wanda ya rasu a 1989, mai gyaran rediyo da talabijin ne a birnin Kinston kafin duniya ta san shi. Yana haɗa amfilifaya da kansa, yana sauya na'urorinsa yadda yake so, kuma da eko ya taimaka wajen kafa salon kiɗan dub da har yau ake koyi da shi. Kusa da mu kuma, Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya yi jitarsa ta farko.

Masu suka na da hujjoji, kuma ba na raina su. Na farko, akwatin da aka ƙera a Chana zai iya fin na hannu araha in aka lissafa kuɗin gida, da jakuna, da makunnin ƙafa, da kuɗin mota zuwa kasuwa. Gaskiya ne. Wanda burinsa kawai ya kaɗa jita gobe, ya je ya saya. Amma wanda ke koyon sana'a, bambancin kuɗin nan kuɗin makaranta ne, kuma makaranta ce mai sauƙi. Na biyu, kasuwa na da jabun kaya da waɗanda aka ciro daga tsofaffin na'urori. Maganinsa a sa soket maimakon liƙa ayisi kai tsaye, a sayi fiye da ɗaya, a gwada. Na uku, akwai gidajen da ba sa son ɗansu ya kusanci kiɗa. Wannan haƙƙinsu ne. Sai dai da ɗan gyara a mashigar sauti, zanen nan zai karɓi makirfo, kuma ilimin bai canza ba.

Wani alheri kuma, aikin duka a kan batir yake, babu haɗarin wutar Nepa. Ya fi dacewa da ɗan koyo fiye da a fara shi da buɗe talabijin ko inbata.

Roƙona ga iyayen gida masu shagon gyara: kafin ku yaye yaro, ku sa shi ya haɗa irin wannan akwati tun daga zane har ya yi magana, sannan ku cire masa waya ɗaya a ɓoye ku ga ko zai gano. Iyaye kuma, in yaro ya nemi kuɗin ayisi da dalma, ku ce ya kawo zanen ya yi muku bayani. In ya iya bayanin, ku ba shi. Da koyo akan iya.

Allah Ya sa wa sana'o'inmu albarka, Ya shirya mana zuri'a.

Sakataren Ƙungiya