Filin manoma da makiyaya: kasuwa ta shigo aljihu

Kaka ta yi. An ɗaure dammunan hatsi, buhunan wake suna jingine a zaure. Dillalai kuma sun fara zagaya ƙauyukan Madarumfa, daga Gabi zuwa Safo, daga Sarkin Yamma zuwa Ɗan Isa. Kowace shekara haka a ke yi. Dillali shi zo bisa babur, shi faɗi kuɗin da ya ga dama. Manomi bai san nawa tiya ta ke a Maraɗi ba. Ga bashi, ga biki ya matso. Sai shi sallama. Bayan kwana uku shi ji labarin an sayar da irin wakenshi da tsada, shi yi ta cizon yatsa.

Abin da ya kayar da wannan manomi rashin labari ne. Wahalar damana ya sha ta, riba kuwa wani ya kwashe. Yau ga salula a aljihun mutane da yawa. Wanda ya iya aiki da ita shina iya jin kasuwa kafin shi ɗaura ma jaki kaya.

Sana'ar kakanni ce

Neman abokin ciniki a nesa tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Fatake suna tafiya har Gwanja sayen goro. Kowane gari sunka sauka suna da mai masauki. Shi ke aje masu kaya, shi nemo mai saye, shi tsaya shaida. Alhazan Maraɗi ma da haka sunka kafu: wane ya san wane a Katsina, wane ya san wane a Kano. Jarinsu na fari sanin mutane ne da riƙon amana.

Salula ta gajarta wannan tafiya. Saƙon da a ke ba direba shi kai cikin kwana biyu, yanzu nan take ya isa. Amanar kuwa tana nan inda ta ke. Wanda ba shi da ita, ko salula goma gare shi ba mai sake sayen kayanshi.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 2001 salula ta shigo Nijar. Wata malama ta Amurka mai suna Jenny Aker ta bi kasuwannin cimaka na ƙasa daga 2001 zuwa 2006. Ta gano cewa inda salula ta kai, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili kuwa a fili ya ke. Ɗan kasuwa shina bugawa shi tambaya. In ya ji hatsi ya yi tsada a wani gari, can za shi kai. Kaya su yawaita can, tsada ta sauka.

Sai dai a lura da abu guda. Waɗanda sunka fara cin moriyar abin ƴan kasuwa ne, don su sunka riga kowa sayen salula. Manomi da makiyayi an bar su baya. Lokaci ya yi da za su kamo.

Wace hanya ce ta dace da ƙauye?

Hanyoyin haɗuwa ta intanet suna da yawa. Akwai LinkedIn, wadda anka buɗe a 2003. Nan ne manyan ƴan kasuwa da ma'aikata su ke rubuta sana'arsu, suna neman abokan hulɗa. Masu fitar da riɗi da aya zuwa ƙasashen waje suna iya samun masu saye a can. Aya ta jahar Maraɗi tana zuwa har Ispaniya, inda a ke yin wani abin sha da ita. Amma LinkedIn tana son dogon rubutu, mafi yawa da Faransanci ko Ingilishi. Aikin magatakardan babbar ƙungiya ne.

Akwai Facebook, ta 2004. Tana da kyau wajen nuna hoton kaya ga mutanen birni.

Wadda ta fi dacewa da ƙauye ita ce WhatsApp, ta 2009. Mutum shina danna wuri guda shi yi magana da Hausa, muryarshi ta tafi. Shina iya tura hoton akuya ko na buhu. Ana kuma buɗe zaure a ciki, mutane da yawa su taru, abin da ɗaya ya faɗa kowa shi ji. Wannan zaure shi ne sabuwar inuwar kasuwa.

Hukuma ma ba ta zauna ba. Tun 1989 akwai ma'aikatar da ke bin farashin cimaka a kasuwanni, wadda a ke kira SIMA. Akwai irinta ta farashin bisashe. A 2017 kuma RECA, uwar majalisun manoma ta ƙasa, ta buɗe wurin amsa tambayoyin manoma ta waya da WhatsApp, har da harshen Hausa. Mai son lambarsu shi tambayi malamin gona ko majalisar manoma ta jahar Maraɗi.

A yi lissafi kafin a tashi

Jin farashi kaɗai ba shi isa. Sai an zauna an yi lissafi. Ga misali, kuɗin da ke ciki na koyo ne kawai.

Manomi shina da buhu 10 na wake. Dillali ya taya jikka 20 kowane buhu a ƙofar gida. Manomi ya tura saƙo zaure, aka ce mashi a Maraɗi jikka 23 ne. Bambanci jikka 3. Kuɗin mota jikka 1 kowane buhu. Ƴan dako da tikitin kasuwa rabin jikka. Saura jikka 1 da rabi. A buhu 10 ya samu ƙarin jikka 15. Tafiya ta yi amfani.

To, in a Maraɗi jikka 21 ne fa? Bambanci jikka 1, kashewa jikka 1 da rabi. Kowane buhu an yi asarar rabin jikka, ga wuni ya tafi. Wannan karon gara a sayar ma dillali. Dillali ma aiki shi ke yi, shina da hakkin wahalarshi. Abin da a ke so shi ne manomi shi san gaskiyar kasuwa sa'ad da su ke ciniki.

Wanda bai matsu ba shina iya ajiya. Farashin wake shina faɗuwa da kaka, shi tashi in an doshi bazara. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda masu binciken INRAN na Maraɗi sunka gwada, shina tsare wake daga ƙwari ba tare da magani ba. Mai ajiya shi riƙa sauraren zaure, ranar da kasuwa ta yi kyau shi fito da kaya.

Hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka

Babban ɗan kasuwa ba shi tayar da mota don buhu 5. In mutum 20 sunka haɗa buhu 100, shi da kanshi za shi turo mota har ƙauye. Kuɗin sufuri ya sauka daga wuyan manoma. Don haka zauren da ya fi amfani shi ne na ƙungiya.

Masu zogale na Jiratawa, masunta na tafkin Madarumfa, mata masu man gujiya da ƙuli-ƙuli, masu kiwon jar akuya ta Maraɗi da fatarta ta yi suna a duniya, kowane rukuni shina iya buɗe nashi. A zaɓi mutum biyu masu gaskiya su riƙe zauren. A sa ƴan ƙungiya, da malamin gona ko na bisashe, da ƴan kasuwar da anka sani. A kafa doka tun ranar fari: nan maganar sana'a kaɗai a ke yi. Gaisuwar safe, da hoton ban dariya, da gardamar siyasa suna da nasu wuri. In sun yi yawa, saƙon mai saye shina ɓacewa a tsakiyarsu, kuma masu hankali su fice.

Matan da ba su da salula kar a manta da su. Shugabar ƙungiya tana iya riƙe guda ɗaya ta kowa, a riƙa sauraren saƙo tare ranar zubin adashi.

Yadda a ke tallar kaya

Saƙo mai kyau gajere ne. Mai talla shi yi sallama, shi faɗi sunanshi da ƙauyenshi. Shi faɗi irin kayan, da yawansu, da inda su ke. Shi faɗi kuɗi. Shi ke nan.

Abu uku ne su ke kawo rigima, a kiyaye su.

Na ɗaya, awo. Tiya ba ɗaya ba ce ko'ina, buhu ma haka. Buhun hatsi na kilo 100 shina cin wajen tiya 40. A faɗi tiya nawa ke cikin buhu. In akwai sikeli, a faɗi kilo.

Na biyu, kuɗi. Ƙasar Madarumfa bakin iyaka ce, sefa da naira duk suna yawo. Canji kuwa shina motsawa kullum. A faɗa tun farko: da sefa ne ko da naira, kuma canjin wace rana.

Na uku, hoto. A ɗauki hoton kayan da za a sayar, da rana, yadda su ke. Kar a zuba mai kyau a bakin buhu, tsakuwa a gindi. Akuya in ta taɓa ɓari, a faɗa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a zaure kuwa mutum ɗari za su ji labarin cikin dare guda. Sunan da anka yi shekara biyar ana ginawa, buhu ɗaya shina rushe shi.

Mai son kai kaya ƙetare shi fara tambayar doka. Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufe iyaka a 2023. A Oktoba 2024 gwamnatin Nijar ta ba da umurnin hana fitar da cimaka irin su hatsi da dawa da masara da shinkafa, sai zuwa Mali da Burkina Faso, don abinci shi wadata cikin ƙasa. Doka tana canzawa. A je wurin duwan ko hukumar gari a ji wadda ke aiki, kafin a yi ma mutumin Jibiya ko na Dawanau alkawari.

Ɓarayi ma suna da salula

Kasuwa ba ta rasa ɗan sane. Ta cikin salula ma haka.

Wani shina turo hoton rasit, shi ce ya aiko kuɗi. Hoto ba kuɗi ba ne, ana iya ƙirƙira shi. Mai kaya shi je gidan aika kuɗi, ko Nita, ko Amana, ko Al Izza, shi karɓa a hannu, shi ƙirga. Sa'an nan shi saki kaya.

Wani shina kira shi ce an turo wata lamba mai ƙwaya 6 bisa kuskure, a karanta mashi. Wannan lamba makullin WhatsApp ce. Wanda ya ba da ita, an ƙwace mashi suna, a riƙa roƙon kuɗi wurin ƴan uwanshi da sunanshi. Ba a ba kowa ita, ko wa ya ce shi ne.

Wani shina tallar taki da araha, shi ce a fara turo rabi. Araha ba ta ado. Baƙon da ba wanda ya san shi, a nemi wanda zai tsaya mashi, kamar yadda fatake su ke yi. Cinikin fari a yi shi ƙarami, a gaban shaidu, cikin kasuwa.

Makiyaya kuma su yi hattara ƙwarai. Kowa ya san ɓarayin shanu da masu satar mutane sun dami ƙauyukan bakin iyaka. Kar a sa hoton garke duka a zaure. Kar a faɗi inda shanu su ke kwana. Kar a yi shelar ranar da za a dawo da kuɗi. A nuna dabbar da za a sayar ita kaɗai, a yi mahaɗa a kasuwar bisashe da rana tsaka.

Karatu shi ne makulli

Wani zai ce, tunda murya tana tafiya, mene ne amfanin karatu? Rasit a rubuce ya ke. Lambar waya a rubuce ta ke. Jikka 15 ana rubuta ta 15.000, jikka 150 kuma 150.000. Sifiri guda ne tsakaninsu. Wanda bai iya karatu ba sai ya miƙa ma wani salularshi, asirinshi ya fita. Murya kuma ana iya musanta ma'anarta, amma ciniki rubutacce, da kwanan wata da adadi, shaida ne a gaban mai gari.

A 2009 da 2010 an yi gwaji a ƙauyuka fiye da 100 na jahohin Doso da Damagaram. Wasu azuzuwan yaƙi da jahilci an haɗa masu da koyon salula, wasu ba a haɗa ba. Waɗanda sunka koyi salula sun fi sauran ci a rubutu da lissafi, don kullum suna taɓa baƙaƙe da lambobi. Karatu shina taimakon salula, salula tana riƙe karatu.

Aikin gona ya yi sauƙi, lokacin komawa aji ya zo. Mai salula shi zo da ita. Kowa shi sayi ƙaramin littafi, shi rubuta sunayen masu sayen kayanshi, da garinsu, da lambarsu, da abin da sunka saya. Salula tana ɓacewa, tana faɗawa rijiya, littafi shina nan. Bayan ciniki a kira mai saye a tambayi yadda kaya sunka isa. Da salla a gaishe shi. Baɗi shi ne zai fara kira.

Wata mai zuwa filin zai yi bayanin yadda ƙungiya za ta rubuta takardar ciniki tsakaninta da ɗan kasuwa. Allah shi ba da kasuwa mai albarka.