Wai Shi Ba Ya Bayan Kowa

Jama'a, akwai wata kalmar Turanci da wasu 'yan bokonmu suka mayar garkuwa, wato neutral. A kawo wa mutum ƙara, ko da ƙanwarsa ce ta zo gida da kumburarren ido miji ya lakaɗa mata duka, sai ka ga ya gyara zaman tabarau ya ce shi fa neutral ne, ba ya shiga tsakanin mata da miji. Haba malam! Faɗa mana da Hausa mu ji. Cewa ka yi ba ruwanka, illa dai ka sa wa maganar kwat don kada a ga muninta.

Su Turawan da ka ara a wurinsu ai ba kalma ɗaya gare su ba. Ita neutral daga Latin ta fito, ma'anarta ba wannan ba, ba wancan ba. Ta dace da ƙasa irin Suwizalan, wadda manyan ƙasashen Turai suka amince mata a 1815 ta zauna ba ta shiga yaƙin kowa. To kai ƙasa ce? Wadda kake so mu zaci kana nufi ita ce impartial, kuma wannan ta alƙali ce: ya saurari kowa, bai karkata ba, sannan ya yanke hukunci. Alƙalin da ya gama sauraro ya kaɗe riga ya tafi cin tuwo, wa zai kira shi adali?

Sai wasu tagwaye masu rikita ɗalibai, disinterested da uninterested. Ta farko ta mutumin da ba shi da riba ko asara a cikin magana ce, shi ya sa ake kiransa ya raba gardama. Ta biyu kuwa ta wanda kake ba shi labari yana hamma. Abin mamaki, a ƙarni na 17 an yi amfani da kowacce da ma'anar 'yar'uwarta, har yau kuma malaman Turanci na ta sa-in-sa a kansu. Haka indifferent. A littafin addu'o'in Cocin Ingila na 1662 da ita aka roƙa wa mahukunta yin adalci ba son kai, yau kuwa in an ce da kai haka ana nufin ko a jikinka. Kun ga yadda kalmar adalci take zamewa ta koma ko oho ba a ankara ba.

Mu a Hausa wallahi ba mu da wannan ruɗani. Mai rabon faɗa daban, ɗan kallo daban, ko yaro ya san wanda rigarsa ke yagewa a cikinsu.

Kada kuma wani ya ce ai maganar cikin gida ce na ɗauko nake kambamawa, don manyan duniya ma sun ɓuya a bayan kalmar nan. A 1994 ana yanka 'yan Tutsi a Ruwanda, sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya suna cikin ƙasar da umarnin kada su goyi bayan kowa. A watan Afrilu, kisan na tsaka, Kwamitin Sulhu ya zauna ya yanke a rage su, daga wajen 2,500 su koma 270. Cikin kwana 100 aka kashe mutane kusan 800,000, har da waɗanda suka gudu cikin coci da makarantu suna zaton za a zo a cece su.