Kafin ki zaɓi furen biki, ki fara duba rana

Hutu ya ƙarato, katunan gayyata sun fara yawo, kuma da yawa daga cikinmu 'yan makaranta mun samu kanmu a kwamitin ƙawayen amarya ko abokan ango. Yau zancenmu kan furanni ne, waɗanda muka fi sani da fulawa, musamman idan za a yi kamu ko walima a fili, babu rufi sai rumfa.

Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne. Amarya ta ga hoto a Instagram, ta tura wa mai kwalliyar wuri, ƙawaye su haɗa kuɗi. Da safe wuri ya yi kyau kamar kada a taɓa. Kafin la'asar, lokacin da baƙi ke isowa, furanni sun sunkuyar da kai, gefensu ya ƙone. Kuɗin da aka tatsa daga na abinci da na handawut ya tafi a banza, mai hoto bai ma fara aiki ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Fure yana fitar da ruwa ta ganyensa, kamar yadda mutum ke zufa. Idan yana jikin uwarsa, saiwa na mayar masa da abin da ya rasa. Da an yanke shi, sai abin da karan ya iya zuƙa. A Kano ko Sakkwato, inda zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, ruwan da ke fita ya fi wanda ke shiga. Hunturu ma ba sauƙi ba ne, domin busasshiyar iska na tsotse danshi ko da rana ba ta da ƙarfi.

Ga kuma asalin furen. Ros ɗin da ke cika kasuwannin duniya, da yawansa a Kenya da Habasha ake nomawa. Gonakin da ke gefen tafkin Naibasha na Kenya suna kan tudu mai kusan mita 1,900, inda akwai sanyi, kuma a cikin sanyi ake jigilarsa. Ko a nan gida, ai Jos aka sani da noman irin waɗannan furanni, saboda yanayinta. Wanda ya tashi a haka, in kin ajiye shi a tsakar rana a Gusau, kin ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Haidiranjiya, wannan mai dunƙulen kai da ake yayi, ta fi kowa saurin langaɓewa. Tulib ma haka.

To, waɗanne ne ke jurewa? Ki duba jikin furen. Mai kauri da santsi kamar an shafa masa kakin zuma yana riƙe ruwa, irin su anturiyam da okid. Mai jiki kamar takarda kuwa, irin gomfirena mai ƙananan kawuna shunayya, ko ya bushe launinsa na nan. Sanfulawa, ziniya, marigol da selosiya duk 'yan rana ne tun a gona, kuma suna fitowa a ƙasarmu. Kaneshan ma yana da juriya, ga shi sau da yawa bai kai ros tsada ba.

Akwai dabarar da ta fi duk waɗannan: a kawo shuka da ranta a cikin tukunya. Bogenbiliya, wadda ke lulluɓe katangun gidaje da ja da ruwan hoda, ba ta daɗewa idan an yanke ta, amma a tukunya ko a jikinta. Haka ma kariya, wadda 'yar yankin Sahel ce tun asali. Sai dai ruwan jikin kariya guba ne, don haka a nisanta ta daga yara da teburin abinci. Wasu masu sayar da shuke-shuke a bakin titi sukan ba da haya, sai a tambaya.

Idan dole sai na yanka, a kiyaye abubuwa kaɗan. A yanke da asuba, a datse ƙasan karan a karkace, a cire ganyen da zai nutse, a tsoma a ruwa mai tsabta a ɗaki mai sanyi. Kada a ajiye kusa da ayaba ko mangwaro, domin 'ya'yan itace masu nuna na fitar da iskar da ke tsufar da fure. Kada a fito da su sai saura kamar awa ɗaya a fara taro. Na hannun amarya kuwa ya zauna cikin ruwa har lokacin hoto.

Wata za ta ce, me zai hana a sa na roba a huta? Babu laifi ko kaɗan. Na roba ya dace da bango da ƙofar shiga, inda rana ke duka kai tsaye. Na gaske a bar shi a inuwa, a teburin amarya da ango, inda za a gan shi kusa a ji ƙamshinsa. Kuɗi ya ragu, kyau bai ragu ba.

Don haka 'yar'uwa, kafin ki tura kuɗin kwalliya, ki yi wa mai aikin tambaya uku: ƙarfe nawa za a jera furannin, ina rana ke faɗawa a wannan lokacin, kuma daga ina furen ya zo? Idan ta kasa amsawa, ki riƙe kuɗinki tukuna. Allah ya ba amare da angwaye zaman lafiya. Sai mako mai zuwa.