Ƙaramar Habana: Baƙo Ya Kula Da Bakinsa

A wannan mako filin namu zai ƙetare teku zuwa birnin Miyami da ke Jihar Fulorida, can kudu maso gabashin Amurka. A cikin birnin nan akwai wata unguwa da ake kira Ƙaramar Habana, wadda ta ari sunanta daga babban birnin ƙasar Kyuba. Masu yawon buɗe ido suna tururuwa zuwa can domin cin abinci. Shawarar da za mu bai wa ɗan'uwan da zai je karo na farko ita ce ya kula da bakinsa ta fuska biyu, wato abin da zai shiga cikinsa da abin da zai fito daga gare shi.

Kafin mu kai ga tukunya, ya kamata mu san masu ita. A watan Janairu na 1959 Fidel Kastro da mayaƙansa suka kifar da gwamnatin Batista. Da sabuwar gwamnati ta fara karɓe gonaki da masana'antu da kantuna, sai dubban mutane suka yi ƙaura zuwa Fulorida, wadda mil 90 kacal ya raba ƙarshen tsibiranta da Kyuba. Tsakanin 1960 da 1962 iyaye sun turo yara fiye da 14,000 su kaɗai. Daga 1965 zuwa 1973 jiragen sama sun yi jigilar mutane fiye da 250,000. A 1980 kuma wasu kimanin 125,000 suka ƙetaro cikin jiragen ruwa daga tashar Mariyel. Da yawa daga cikin na farkon sun zo da zaton zaman 'yan watanni ne, sai ga shi sun tsufa a can. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma girkin da suka koya a gaban iyayensu ya biyo su, kuma shi ne baƙo yake tararwa a unguwar.

Zuciyar unguwar ita ce titin da ake kira Kaye Oco, wato Titi Na Takwas da harshen Sifaniyanci. Abin da ya fi dacewa baƙo ya fara da shi shi ne gahawa. Gidajen abinci da yawa suna da 'yar taga mai fuskantar titi, wadda suke kira bentanita. Nan ake tsayawa a sha gahawa mai kauri da zaƙi, a taɓa hira, kowa ya kama gabansa. In mutum ya ce a ba shi kolada, za a miƙo masa kofi guda tare da wasu 'yan mitsi-mitsin kofuna. Ma'anarsu ita ce a raba da na kusa. Wanda ya ɗaga ya kwankwaɗe shi kaɗai ya nuna baƙuntarsa a fili, kuma barci zai yi masa wuya a daren. Gidan abincin da ya fi suna a titin shi ne Versailles, wanda aka buɗe a 1971, amma yana can yamma, da 'yar tazara daga inda masu yawo suka fi taruwa.

To, yanzu sai abin da zai shiga baki. Mafi yawan masu karanta wannan fili Musulmi ne, saboda haka wajibi ne mu faɗa ba tare da ɓoye-ɓoye ba: naman alade shi ne sarkin tukunyar mutanen Kyuba. Burodin nan mai nama da ake kira kubano, wanda ake yi wa kowane baƙo tallarsa, gasasshen alade ne da cuku a cikinsa. Shi kansa burodin, bisa al'ada, da kitsen alade ake kwaɓa shi. 'Yan dunƙulen nan da ake soyawa, masu suna kuroketa, galibinsu da naman alade ake yin su. Har shinkafa da baƙin wake, waɗanda ido zai ce ba su da laifi, sau da yawa akan jefa musu guntayen kitse domin ɗanɗano. Wani abin mamaki shi ne sunan wannan dafa-duka, moros i kirisitiyanos, wato Musulmin Andalus da Kirista, wake a madadin na farko, shinkafa a madadin na biyu. Sunan ya samo asali daga tarihin Sifen, inda daular Musulmi ta ƙarshe, Garnaɗa, ta faɗi a 1492. Ga abinci da sunan Musulmi, amma Musulmi ba zai ci ba sai ya bincika.

Matambayi ba ya ɓata. Kalmomi huɗu sun ishi baƙo tsaro: fuwerko shi ne alade, hamon da tosino nau'o'in namansa ne, manteka kuma kitsensa. In ya ƙara da bino, wato giyar inabi da wasu ke zubawa a miya, ya gama. Ya yi tambayarsa da ladabi, ba da yatsine ba, domin mai gida ba ya son a raina tukunyarsa.

Kada mai karatu ya zaci zai tashi da yunwa. Akwai soyayyen kifi da jatan lande. Akwai dafaffen rogo da ake kwarara wa romon tafarnuwa da lemun tsami. Akwai agade iri biyu: ɗanye da ake soyawa a daddanne a sake soyawa, shi ne tostones, da nunanne mai zaƙi, shi ne maduros. Akwai ruwan rake da ake matsewa a gaban mai saye, da mangwaro da gwaiba da kwakwa. Ɗan Afirka ta Yamma zai ga kamar ya san waɗannan abubuwa, kuma bai yi kuskure ba. An kwashi ɗimbin bayi daga gaɓar tekunmu zuwa gonakin rake na Kyuba, cikinsu har da Yarbawa masu yawa, kuma ba a haramta bauta a can ba sai a 1886. Shi ya sa har yau suke dafa kuɓewa, suke kuma kirɓa agade su kira shi fufu.

Saura abin da zai fito daga baki, wanda a ganinmu ya fi na farko wuyar kiyayewa. Mu a Afirka mun san Kyuba da wata fuska. Mun tuna sojojinta da suka je Angola daga 1975 suka kara da dakarun gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, a shekarar da Nijeriya, zamanin Janar Murtala Muhammed, ta amince da gwamnatin MPLA. Amma dattijon da ke buga domino a dandalin Maksimo Gomes yana iya zama wanda aka ƙwace wa gona, ko wanda ɗan'uwansa ya yi shekaru a kurkuku. Kusa da dandalin akwai wata wuta da ke ci dare da rana domin tunawa da waɗanda suka mutu a yunƙurin kifar da Kastro na Afrilun 1961. Da Kastro ya rasu a Nuwamban 2016, mutane sun cika titin nan suna kaɗa tukwane don murna.

Wanda yake ganin abin wasa ne, ya tuna da Nelson Mandela. Da ya ziyarci Miyami a Yunin 1990, watanni kaɗan bayan fitowarsa daga kurkuku, shugabannin birnin sun ƙi yi masa tarba ta hukuma saboda ya yaba wa Kastro. Baƙaƙen fatar Amurka suka fusata, suka ƙaurace wa otal-otal da wuraren taro na birnin har zuwa 1993. In mutum kamar Mandela bai tsira ba, ina ga baƙon da ya zo cin rogo?

Ba muna cewa mutum ya musanta abin da ya sani na tarihi ba ne. Taimakon da Kyuba ta yi wa Afirka gaskiya ne, haka kuma raɗaɗin da masu gudun hijira suka sha gaskiya ne. Sai dai gaban tagar mai gahawa ba majalisar muhawara ba ce. Baƙo ya bar riga mai hoton Ce Gebara a cikin akwati, ya yawaita saurare, ya rage sharhi. Kada kuma ya ɗauka duk wanda ya gani ɗan Kyuba ne, domin yanzu mutanen Nikaraguwa da Honduras suna da yawa a unguwar.

Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Wanda ya tambayi abin da ke cikin tukunya kafin ya kai loma, ya kuma auna maganarsa kafin ya furta, zai ci ya ƙoshi, ya bar masu gida suna sa masa albarka. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.