Raddi ga Masu Cewa Sitent Ya Kori Tiyatar Zuciya

Wata magana ta bazu a majalisun Talata Mafara da Bakura da Maradun, musamman a bakin waɗanda suka kai 'yan uwansu jinya Abuja ko Misira ko Indiya, wai duk wanda uwar jijiyar hagu ta zuciyarsa ta tsuke ba shi da dalilin yarda a tsaga masa ƙirji, tunda ana iya zura masa ɗan bututun ragar nan da ake kira sitent ta jijiyar hannu, ya koma gida bayan kwana biyu. Da yake wannan jijiya ita ke shayar da mafi yawan naman zuciyar da ke tura jini ga jiki, har toshewarta takan zama ajali nan take, ya wajaba a ɗora maganar a kan mizani.

Hujjarsu ta farko, sun ce bincike ya tabbatar hanyoyin biyu daidai suke. Sai mu ce musu, lalle a 2021, da mujallar Lancet ta tattara manyan gwaje-gwaje huɗu masu marasa lafiya 4,394, mace-mace cikin shekara biyar sun yi kusa, kashi 11.2 cikin ɗari ga sitent, 10.2 ga tiyatar baifas, wato ta tsaga ƙirji. Amma a wannan takarda dai, waɗanda sai da aka sake yi musu aiki sun kai kashi 18.3 a ɓangaren sitent, alhali na baifas 10.7 ne, bugun zuciya na daga baya kuwa a masu sitent ya ninka har ya ɗara. Wanda ya ɗauki farkon nassi ya bar ƙarshensa bai yi masa adalci ba.

Suna kuma kafa hujja da gwajin EXCEL. To, ai shi ne wanda ma'abutansa suka yi saɓani a kansa, domin da sakamakon shekara biyar ya fito a 2019, masu sitent sun mutu kashi 13, masu baifas 9.9, har Farfesa David Taggart na Oxford ya cire sunansa daga rahoton, ƙungiyar likitocin tiyatar zuciya ta Turai kuma ta janye amincewarta da ƙa'idar da aka gina a kansa. Takwaransa NOBLE kuwa baifas ya fifita ƙarara.

Hujjar da ta fi jan zukata ita ce ta sauƙi, kuma nan ne hankalina ya fi tashi. An yi waɗannan gwaje-gwaje ne a ƙasashen da asibitin zuciya ke kusa da ƙofar mara lafiya. Manomin da ke ban ruwa a Bakolori fa, wanda ya sayar da gona ko shanu aka sa masa sitent, dole ya lazimci asfirin da kulofidogirel watanni masu yawa ba fashi, in kuwa kuɗin magani ya yanke ya dakata, jini na iya daskarewa a cikin ragar da tsakar dare, alhali tsakaninsa da Gusau ko Sakkwato akwai hanyar da kowa ya san halin tsaronta. Jijiyar da ake cirowa daga cikin ƙirji a yi baifas da ita kuwa, a galibin mutane takan wuce shekara goma tana aiki.

Ba na musun cewa tsoho mai rauni, ko wanda tsukewarsa guda ce a wuri mai sauƙi, sitent ya fi dacewa da shi, kuma haɗarin shanyewar jiki a makonnin farko ya fi yawa bayan tiyata. Amma mai ciwon sukari, ko wanda cutar ta kama jijiyoyi da yawa, hukuncinsa daban ne. Tunda likitan da ya ɗauki hoton jijiyoyin galibi shi ne mai sa sitent, haƙƙin dangi ne, in ba halin gaggawa ake ciki ba, su nemi likitan tiyata ya duba hoton nan shi ma kafin a sa hannu a takarda.